Ɓ, Ɗ da Ƙ na katako: aikin da ke jiran marubuci da kafinta



Kullum muna kukan cewa yara sun tashi ba sa bambance "baki" da "baƙi" ko "kafa" da "ƙafa" a rubuce. To amma mu duba abin wasan da muke saya musu a kasuwa. Allon haruffan da ake shigo da shi na Turanci ne, guda 26, har da P, Q, V da X waɗanda Hausa ba ta aiki da su. Ɓ, Ɗ da Ƙ kuwa babu su. A ganinmu, maganin wannan yana shagon kafinta.

Wasan haɗa guntayen hoto dama don karantarwa aka ƙirƙire shi. A shekarun 1760, wani mai zanen taswira a Landan, John Spilsbury, ya liƙa taswira a kan siririn katako, ya yanka ta bisa iyakokin ƙasashe, don yara su riƙa jerawa suna koyon labarin ƙasa. Abin da ya yi da taswira, mu ma za mu iya yi da haruffanmu.

Kayan aikin shi ne wani ƙaramin injin zarto mai siririn tsinke, wanda ke hawa da sauka a tsakiyar tebur. Mai yanka yana juya katakon da hannu biyu yana bin zane, don haka kowace irin lanƙwasa tana fita. Harafi mai rami a ciki, kamar ɗ ko o, sai a huda tsakiyarsa, a kwance tsinken a zura ta hudar, a ɗaure, a yanke cikin ba tare da an taɓa gefe ba. Filawud ya fi dacewa, domin an jera ɓawonsa a gicciye, ƙugiyar ƙ ba za ta ɓalle da wuri ba. Idan an fitar da haruffan, sai a liƙa ragowar allon a kan wani, kowane harafi ya samu gurbinsa. Yaro zai ɗauki ɓ ya kai ta gurbin b, ta ƙi shiga. Daga ranar hannunsa ya san ƙugiyar nan ba ado ba ce.

Wani zai ce injin da tsada, ga rashin wuta. Gaskiya ne. Sai dai kafin injin lantarki, da zarton hannu ake wannan aiki, da kuma na ƙafa mai aiki kamar keken ɗinki.

Ina namu aikin? Kafinta ya san katako, amma ƙa'idar rubutu a hannunmu take. Mu za mu zana masa haruffan daidai, mu tuna masa da sh da ts, mu nuna masa 'y ta Najeriya da ƴ ta Nijar. Mu za mu zaɓi kalmomi da hotuna: ɓera, ɗaki, ƙwarya. Mu kuma nace a yi guntayen manya yadda yaro ba zai haɗiye ba, a goge gefensu sumul, a guji fenti mai dalma.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masu karanta littattafanmu nan da shekara ashirin yanzu haka suna rarrafe a tsakar gida. Kowane reshen ƙungiya ya nemi kafinta ɗaya, a yi allo ɗaya, a kai wata makarantar yara a gwada.

Allah Ya ƙara mana basira.