Tafiyar Hawainiya a Hanyoyin Ruwan Ingila

Akwai wani irin hutu da mutanen Ingila kan yi wanda zai ba baƙo mamaki. Iyali kan yi hayar siririn jirgin ruwa, faɗinsa bai wuce ƙafa bakwai ba, su yi mako guda suna bin hanyoyin ruwan da aka haƙa da hannu, ba a yarda jirgin ya wuce mil huɗu a awa ba. Wato mai tafiya a ƙasa ma yana iya jerawa da shi. Wasu na ganin wannan ɓata lokaci ne na waɗanda suka ƙoshi. Wannan hukunci da gaggawa a cikinsa.

Ba don shaƙatawa aka haƙa hanyoyin ba. A 1761 aka buɗe ta Birijwata domin kai kwal daga Wosli zuwa Mancesta, farashin kwal kuwa ya faɗi da kusan rabi. Doki ke jan jirgin daga gaɓa. In an iso ramin da ya huda dutse, inda doki ba shi da hanya, sai maza su kwanta rigingine su riƙa tokarar bango da ƙafa har jirgin ya fita. Da jirgin ƙasa ya zo ya karya kuɗin dako, sai matuƙa suka kwaso mata da 'ya'ya suka tare a wani ɗan ɗaki a bayan jirgin, nan ne wurin girki, nan ne makwanci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai a 1877 aka yi dokar duba halin da suke ciki.

Ƙanƙarar hunturun 1962 zuwa 1963 ta daskarar da ruwan makonni da dama, ta kusa kashe sana'ar dakon baki ɗaya. Abin da ya ceci hanyoyin daga cikewa da laka shi ne 'yan sa kai da masu yawon hutu, tun daga ƙungiyar da Tom Rolt da Robert Aickman suka kafa a 1946. Alal misali, hanyar Kenet da Ebon ta lalace, aka gyara ta, aka sake buɗe ta a 1990. A garin Dibaizis kaɗai tana da matakalan ruwa 29, kowace sai an buɗe ƙofofinta da hannu. Wanda ya wuni yana tura ƙofofin nan ya ɗanɗana kaɗan daga gumin mutanen da. Malalaci ba ya wannan hutu.

Inda masu suka ke da gaskiya shi ne tsadar haya, wadda ta sa jikan matuƙin jiya ba lallai ya iya biya ba. Ga kuma batun gyara. Tun 2012 wata ƙungiyar agaji ke kula da kimanin mil 2,000 na hanyoyin, amma a 2023 gwamnati ta sanar za ta rage tallafinta daga 2027, alhali ƙofar itacen matakala ba ta san an rage kuɗi ba, ruɓewa take yi a kan lokacinta.