Geron Daura da Ɗaurin Gado

Masu cewa binciken ƙwayoyin halitta almubazzaranci ne a ƙasar da ake fama da yunwa, ba su taɓa tsayawa a gonar gero a Sandamu ranar da ruwa ya ɗauke ba. A cikin tsiro, zaren gado na DNA nannaɗe yake a jikin furotin, kuma ƙananan RNA kan nuna inda za a ɗaure shi tamau har umarninsa ya yi shiru. Fari da zafi kan sauya wannan ɗauri. A jikin taba aka gano aikin RNA ɗin a Jamus, a 1994. Cibiyar ICRISAT kuwa ta jagoranci karanta gadon gero a 2017. Mu masu fura, wa muka tura ya binciko abin da zafin Daura ke kullewa?