Noma Ma Yana Bukatar Mai Lissafi

Kowace shekara idan muka tambayi 'yan aji shida abin da suke so su zama, amsar ba ta wuce uku: likita, lauya, injiniya. Da wuya a sami mai cewa zai karanta tattalin arzikin noma. In ma wani ya faɗa, sai aji ya fashe da dariya, wai zai sha wahalar karatu don ya koma riƙon fartanya. Alhali kuwa yawancinmu da kuɗin gero da gyaɗa da riɗi aka biya mana makaranta.

Wannan fanni ba koyar da huɗa yake yi ba, iyayenmu sun riga kowa iya wannan. Aikinsa shi ne tambaya: nawa aka kashe, nawa aka samu, wa ya ci ribar? Dukanmu mun san manomin da yake kai geronsa kasuwar Shuwarin da kaka ya sayar da araha don biyan bashi, sa'an nan da marka ya koma ya sayi geron nan da tsada. Ba ragwanci ya jawo masa haka ba. Rashin wurin ajiya ne, da rashin rance mai sauƙi, da rashin sanin farashi, kuma waɗannan su ne abubuwan da masanin fannin yake bincikawa.

Ga misali daga Samaru ta Zariya. A shekarun 1960 da 1970 ana ta horon manoma su daina haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wai ƙauyanci ne. Sai David Norman na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsa suka shiga ƙauyukan Zariya suna auna gonaki, suna ƙirga kwanakin aiki. Suka tarar mai haɗa shuka ya fi samun riba, kuma in ɗaya ta ƙi, ɗaya za ta yi. Ashe manomi ne mai gaskiya.

Misali na biyu a jiharmu yake. Bayan an gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwan da yake malalowa fadamun Haɗeja ya ragu. A farkon shekarun 1990 Edward Barbier da abokansa suka ƙimanta abin da fadamun suke bayarwa, watau amfanin gona da kifi da itacen wuta. Lissafinsu ya nuna ruwan da aka bari ya isa fadama ya fi kawo amfani a kan wanda aka tare don noman rani a jihar Kano. Masunci da mai shinkafa sun daɗe da sanin haka, amma sai da aka sa shi cikin alƙaluma hukuma ta sami abin dubawa.

A da, mai son wannan karatu sai ya bar gida. Tun 2011 muna da Jami'ar Tarayya a nan Dutse, da tsangayar aikin gona a cikinta. Saboda haka muna roƙon malamanta abu biyu. Na fari, bincike ya fara daga gona da kasuwa, a tambayi mai dabino da mai zoɓo abin da yake damunsu. Na biyu, kada sakamakon ya ƙare da Turanci cikin kabad. A mayar wa manoma da shi cikin Hausa, ta rediyo da taron ƙauye.

Ku kuma ɗalibai, ku riƙe lissafi da darasin aikin gona da kyau. Wannan hutu, kowa ya ɗauki littafi ya rubuta abin da aka kashe a gonar gidansu da abin da aka girbe. Iyaye kuma, kada mu karya gwiwar yaron da ya zaɓi wannan hanya. Allah ya ba mu damina mai albarka.