Ƙara Daban, Daɗin Kiɗa Daban: Magana ga Iyaye da Malaman Ƙonni

Idan yaro ya shigo gida da jita, iyaye a Ƙonni kashi biyu suke. Wasu su ƙwace ta, su ce ba a gidan nan ba. Wasu kuma, masu ɗan hali, su tsallaka Illelar Najeriya ko su aika Sakkwato a sayo masa lasifika mai tsawon yaron goye, wai don kada ɗansu ya ji kunya cikin sa'o'insa. Wanda ya hana kiɗa a gidansa saboda fahimtarsa ta addini, wannan tsakaninsa da iyalinsa ne, ba da shi nake ba. Ina magana ne da wanda ya yarda ɗansa ya koya, amma ya ɗauka ƙara ita ce gwaninta. Wannan ɗaukar ita ke kashe kunnen 'ya'yanmu, ta haɗa mu faɗa da maƙwabta, kuma ba ta taɓa mai da kowa makaɗi ba.

Mu duba na gida. Mdou Moctar, wanda yau ake sayen tikiti a Amurka da Turai don a ji shi, ɗan jihar Tahoua ne. Jitarsa ta farko da hannunsa ya harhaɗa ta, da katako da wayar birkin keke, a lokacin da iyayensa ba sa so. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, ya bazu cikin Sahara daga waya zuwa waya. Fatou Seidi Ghali ta Les Filles de Illighadad, daga ƙauyen da ke wajen Abalak, da jitar yayanta ta koya. Babu wanda ya fara da tulin lasifikoki a cikinsu. Hannu da kunne suka fara gyarawa.

To, yaron da ya kai ga jita mai aiki da lantarki fa, me ya dace da shi a gida? Ƙaramar amfilifaya. Mafi daɗin amo a wajen makaɗa da yawa ita ce mai ƙwayayen gilashi a ciki, irin na tsofaffin akwatunan rediyo, masu yin ja idan sun ɗau zafi. Fender Champ, wadda aka fara ƙerawa a 1948, ƙarfinta bai wuce wat 5 ba, amma manyan makaɗan duniya sun ɗauki faifai da ita. Dalili kuwa shi ne ƙwan yana bin hannu: ka taɓa tsirkiya a hankali, amo ya fito garau, ka danna, ya yi kauri da ɗan gurnani. Yaro yana jin kuskurensa nan take, abin da babbar lasifika ke binnewa cikin hayaniya.

Za a ce wat 5 ai wasan yara ne. Mai faɗar haka bai san lissafin ba. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka sau biyu, sai an ninka ƙarfin na'ura kusan sau goma. Wato mai wat 50 ba ta fi mai wat 5 ƙara sau goma ba, sau biyu ne kawai. Ita mai wat 5 ɗin ma, idan aka ƙure ta a cikin ɗaki, tana iya kusantar desibel 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda yawan sauraron ƙara, kuma iyakar da ta ba baligi ita ce desibel 80 na awa 40 a mako. Gashin da ke cikin kunne mai ɗaukar sauti, in ya mutu ba ya sake tsirowa. Malamin da ke faɗa da ɗalibi kullum wai ba ya saurare, ya taɓa tambayar kansa ko yaron yana ji?

Daɗin amo a gida ba kuɗi yake ci ba, kula yake so. A ɗaga amfilifaya daga ƙasa, a ɗora ta kan kujera, bakinta ya fuskanci kunnen mai kiɗa. Wanda ya bar ta tana kaɗa wa idon sawunsa dole ya yi ta ƙara murya, don ba ya jin kansa. A janye ta daga kusurwar ɗaki, saboda kusurwa na kumbura ƙasan sauti har ya dagule. Ɗakin simintin Malbaza mai rufin kwano yana mayar da amo kamar rijiya. A shimfiɗa tabarma ko darduma, a saki labule, a jingina katifa a bango. Ɗakin laka na kakanninmu ya fi shi daɗin sauti nesa ba kusa ba. A fara da maɓallan sauti a tsakiya, a rage na gurnani, a riƙa sarrafa ƙara daga maɓallin da ke jikin jita. A ba ƙwan kamar minti ɗaya ya ɗumama kafin a fara. A sauya tsirkiyar da ta yi tsatsa, a gyara saitinta kafin kowane zama. Idan na'ura na gunji, a nisanta ta daga cajar waya da doguwar fitila.

Ga inda abin ya wuce daɗi ya zama batun rai. Wutarmu bolt 220 ce, kayan gwanjo da suka fito daga Amurka kuwa na bolt 120 ne. A duba rubutun baya kafin a jona. Yadda wuta ke hawa da sauka, balle a kan janareto, sitabilaiza dole ce. Kada a kunna irin wannan amfilifaya ba tare da lasifikarta a jone ba, taransifomar ciki na iya ƙonewa. Mafi muhimmanci, kada yaro ya buɗe bayanta. Akwai kayan da ke riƙe bolt 300 ko fiye ko bayan an cire ta daga bango. Gidajenmu da yawa ba su da wayar ƙasa, tsirkiyar jita kuma ƙarfe ce da ke haɗe da jikin na'urar. Yaro ba takalmi, a kan siminti mai laima, da amfilifaya mai matsala: Allah Ya kiyaye. Gyara na mai gyaran rediyo ne wanda ya san aikinsa.

Uban da ya kori jita daga gida bai raba ɗansa da ita ba. Ya tura shi ne bayan gari, inda babu mai gaya masa ko ɗaya daga cikin waɗannan, inda kuma ake koyon abubuwan da suka fi kiɗa muni. Uban da ya sayi katuwar lasifika kuwa ya koya wa ɗansa cewa maƙwabci mai jinya da ɗalibi mai shirin jarrabawar BEPC ba su da haƙƙi a kansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da nake nema kaɗan ne. Iyaye, ku yanka wa yaro lokaci, misali bayan la'asar zuwa kafin magariba, ku kafa masa doka ɗaya: in wanda ke tsaye kusa da shi sai ya ɗaga murya kafin su ji juna, ƙarar ta yi yawa. Malaman kimiyya, ga darasin lantarki da na sauti a cikin akwati ɗaya. Ku sa a kawo ta aji, ku nuna bambancin wat da bolt da desibel, ku bar zana su a allo kawai. Shugabannin makarantu kuma, ku fara da kanku: ranar bikin ƙarshen shekara, ku janye ƙananan yara daga bakin lasifika, ku sa a rage murya. Yaron da ya ga manya na auna daɗin biki da ƙara, ba zai yarda da mu ba idan muka ce ya rage tasa.