Lauje ko inji? Shawara ga masu shirin yankan ciyawa

1/ Wani ƙanena ya matsa min in sayo injin yankan ciyawa, wai lauje ya zama tsohon yayi. Na ce masa a nan Tsohon Birnin Gwari, lauje mai kyau ya fi min inji sau goma. Ku biyo ni ku ji dalili.

2/ Inji da fetur yake aiki. Kafin cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, a 2024 kuwa ta haura 1,000. Mu nan ma mun ga abin da ya fi tsada: a 2021 gwamnatin Kaduna ta hana sayar da mai a jarka a yankinmu saboda 'yan bindiga. Da me mai inji zai yi yanka?

3/ Sai maganar ƙara. Duk wanda ya taɓa yankan gamba ko kyasuwa a bakin daji ya san kunne shi ne mai gadi. Inji na ruri, ba ka jin babur, amma na nesa yana jin ka. An yi sulhu, an buɗe kasuwar shanu a ƙarshen 2024, alhamdulillahi. Ni dai har yau na fi son in riƙa jin bayana.

4/ Amma fa ba kowane lauje ba. Na taɓa sayen wani mai sheƙi da araha, kwana uku bakinsa ya lanƙwashe. Ashe akwai lauje cikin naɗi, a zahiri kuwa!

5/ Je wurin maƙeri da ƙafarka. Tambaye shi ƙarfen. Na sifirin mota ya fi riƙe kaifi. Ƙwanƙwasa shi da ƙusa: in ya yi amo mai tsawo, madalla. In ya yi "ƙwal" ya mutu, ajiye masa abinsa.

6/ Duba ƙota. Ƙarfen ya shige itace sosai, kada ya yi girgiɗi ko kaɗan. Icen marke na jure aiki. Riƙe shi ka gwada yanka a iska, in ya rinjayi wuyan hannunka tun a maƙera, a gona kafin azahar ka gaji.

7/ Faɗa masa aikin da za ka yi. Mai haƙora na shinkafa ne, mai sumul na ciyawa. In kai bahago ne ka faɗa tun kafin ya sa a wuta. Kuma kada ka baro kasuwa ba dutsen wasa kaifi.

8/ Na ga bidiyon lauje mai dogon hannu irin na Turai, ana yanka a tsaye. A fadama mai shimfiɗe zai huta da baya, ga nisa da maciji. Amma a gona mai kunya da kututture zai karye. Maƙeranmu su gwada ƙera shi, ni zan fara saya.

9/ Gaskiya inji ya fi sauri, mai babban fili da kuɗin mai ya saya. Mai awaki biyar da sa guda kuwa, ya fita da sassafe raɓa na kan ciyawa, ya tara ingiricinsa kafin rani.

10/ Ƙanen nawa yanzu laujena yake ara, bai dawo da shi ba tukuna. Ku a garinku wane maƙeri ne gwani?