Kyamara a Wuraren Wasa: Dokar Kare Rai da Dokar Kare Ciniki

Manyan wuraren wasa da shaƙatawa na duniya sun gina kasuwarsu ne a kan hoto tun kafin zuwan wayar hannu, domin baƙon da ya koma gida da hoton 'ya'yansa suna dariya a gaban fadar wasa ya yi wa kamfanin talla ba tare da an biya shi ko sisi ba. Shekaru masu yawa kamfanin Kodak ne ke kafa alluna a wuraren wasa na Disney da ke Amurka, yana nuna wa baƙi daidai inda za su tsaya hoto ya yi kyau, har zuwa 2012 da kamfanin ya durƙushe. Idan kuwa aka ga wuraren da suka fi kowa son a ɗauke su sun koma kafa dokokin hana ɗauka, to lalle akwai dalili. Ra'ayin wannan jarida shi ne, mafi yawan dokokin nan daidai suke kuma sun cancanci a bi su ba tare da gardama ba, sai dai an cusa wasu a cikinsu waɗanda aljihun kamfani suke karewa alhali an lulluɓe su da sunan tsaron lafiyar baƙi, kuma mai sayen tikiti yana da haƙƙin a rarrabe masa wannan da wancan.

Hujja mafi ƙarfi tana ga jirgin lilo, wato jerin kujeru masu ƙafafun ƙarfe da ke gudu a kan dogo mai hawa da gangara da juyi, wanda shi ne babban abin da ke jawo matasa zuwa irin waɗannan wurare. A wasu kwanoni nauyin mahayi da na duk abin da ke hannunsa yakan ninka sau uku ko huɗu, a kan tudu kuma nauyin sai ya zama kamar ya ɓace, abin da ke cikin aljihu ya taso da kansa ya fice. Wayar da ta kuɓuce a irin wannan hali ba faɗuwa kawai take yi ba. Lissafi mai sauƙi ya nuna cewa waya mai nauyin giram 200, idan ta daki mutum da gudun kilomita 100 a sa'a guda, ƙarfin dukan ya yi daidai da na dutse mai kilo 2 da aka sako daga tsayin mita 4, kuma akwai jiragen da gudunsu ya zarce haka nesa. Wanda ake kira Formula Rossa a Abu Dhabi yana kai kilomita 240 a sa'a, har ana tilasta wa mahaya sanya tabarau domin ƙwaro ko ƙwayar yashi na iya yi wa ido lahani a wannan gudun. Inda ake tsoron yashi, ba a buƙatar dogon bayani a kan kyamara.

Kamfanin Universal ya koyi wannan darasi ne ta hanya mai ɗaci a wurinsa na Orlando, a jihar Florida. A da yana da wasu jirage biyu da aka buɗe a 1999, waɗanda aka tsara su riƙa tashi a lokaci guda suna fuskantar juna, su gifta da tazarar da ba ta kai rabin mita ba, kuma wannan giftawar ita ce dukan daɗin wasan. A 2011 wasu abubuwa da suka fello a daidai wurin giftawar suka raunata mahaya har sau biyu, ɗaya daga cikinsu ya rasa ido, kamfanin kuwa ya daina tashin jiragen tare, ya kashe da hannunsa abin da mutane ke biyan kuɗi su zo gani. A 2015 ya kafa na'urorin gano ƙarfe a bakin layin manyan jiragensa, irin waɗanda ake bi ta cikinsu a filin jirgin sama, ta yadda ko makulli ko kwabo ba ya wucewa, balle waya.

A shekarar nan ta 2015 ne kuma Disney ya haramta sandar ɗaukar hoton kai, wato sandar da ake maƙala wa waya a miƙa ta nesa domin mutum ya ɗauki fuskarsa. Da farko an hana ta ne a kan jirage kawai, mutane ba su ji ba, har a watan Yuni wani mahayi ya zaro tasa a cikin wani jirgin lilo a Kalifoniya, aka tsayar da jirgin kusa da ƙololuwar hawa, jama'a suka yi zaman jira a sama cikin rana. Daga 30 ga watan aka hana shiga da sandar ko da ƙofar waje ce. Dalilin a fili yake ga wanda ya san yadda ake gina jiragen: injiniyoyi kan auna iyakar inda hannun mutum mafi tsawo zai iya kaiwa, su kawar da duk wani ginshiƙi ko bango daga wannan tazara, sanda mai tsawon mita guda kuwa tana rushe lissafin baki ɗaya. Ƙasa da wata biyu bayan haka, a wurin wasa na Cedar Point da ke jihar Ohayo, wani mutum da wayarsa ta faɗi daga jirgi ya haura shinge ya shiga inda aka hana shiga domin ya ɗauko ta, jirgin ya zo ya buge shi ya mutu nan take. Abin takaici shi ne, hoton bidiyon da ya karaɗe duniya a kan wannan batu ba na gargaɗi ba ne: na wani mahayi ne a PortAventura ta ƙasar Sifen, wanda a 2019 ya cafke wayar wani tana shawagi a iska, miliyoyin mutane suka kalla suka tafa masa, kaɗan ne suka tambayi fuskar wa za ta sauka a kai da hannun nasa ya kuskure.

A wannan ɓangare babu wurin sassauci, kuma ma'aikacin da ya sauke mahayi saboda ya ɓoye waya a cikin safa ya yi aikinsa ne. Sharaɗi ɗaya ne ke kan kamfani: wanda ya hana mutum hawa da kayansa wajibi ne ya ba shi wurin ajiya mai makulli, kyauta, kusa da bakin layi. Universal yana ba da ƙananan akwatunan ajiya kyauta na tsawon lokacin hawa, kuma haka ya dace. Wurin da ke karɓar kuɗin ajiya bayan ya karɓi kuɗin shiga ya mayar da dokar kare rai hanyar tatsar baƙi, kuma da hannunsa yake tura marasa hali su cusa waya a aljihu su hau. Hana kunna fitilar kyamara a cikin wasannin da ake yi a duhu, da hana kafa maɗorin kyamara mai ƙafa uku a tsakiyar hanyar da dubban mutane ke bi, ladabi ne na zaman taro wanda bai kamata ma sai an rubuta ba.

Inda magana ta rikice shi ne batun ciniki. Wurin wasa mallakar kamfani ne, tikiti kuma izinin shiga ne bisa sharuɗɗa, shi ya sa kusan dukansu ke rubuta cewa ɗaukar hoto don amfanin kai ya halatta, ɗauka don kasuwanci kuwa sai da izini a rubuce. A zamanin da mai shirya fim ke zuwa da mota cike da fitilu da ma'aikata, bambancin a bayyane yake. Amma tun 2013 wani darakta mai suna Randy Moore ya nuna fim ɗinsa Escape from Tomorrow a bikin finafinai na Sundance, wanda ya ɗauka a ɓoye a cikin wuraren Disney da ƙananan kyamarori irin na 'yan yawon buɗe ido, 'yan wasan suna karanta zantukansu a waya kamar masu duba saƙo, kamfanin kuma ya zaɓi yin shiru maimakon zuwa kotu. Yau duk matashin da ke da shafi a YouTube ko TikTok yana iya samun kuɗi da bidiyon da ya ɗauka, dokar kuwa ba ta faɗi a ina amfanin kai ya ƙare kasuwanci ya fara ba, sai ta zama sanda a hannun kamfani, ya ƙyale mai yabonsa ya kori mai nuna aibinsa. Misalin fakewa da guzuma a harbi karsana ya fi fitowa a sararin samaniya: tun 2003 dokar Amurka ta hana jiragen sama yin ƙasa da ƙafa 3,000 a kewayen wuraren Disney biyu da sunan tsaron ƙasa, hanin da yanzu ya shafi jirage marasa matuƙa masu ɗauke da kyamara, amma waɗanda suka fara ɗanɗana kuɗarsa su ne ƙananan jiragen da ke jan tutocin talla a saman baƙin kamfanin.

Akwai kuma kyamarorin da ba a cika rubuta dokarsu a allo ba, wato na kamfanin kansa. Jirgin da aka hana mutum ɗaukar hoto a kansa yana da kyamara kafe a wata kwana, tana ɗaukar kowane mahayi, a bakin fita kuma a sayar masa da fuskarsa. Wannan ba laifi ba ne, kyamarar da aka ɗaure da ƙusa ba ta fellowa. Damuwar ita ce abin da ake yi da bayanan jikin baƙi, musamman da wasu wurare suka fara amfani da fasahar gane fuska, wadda ke auna siffar mutum ta mayar da ita lambobi da kwamfuta za ta riƙa gane shi da su. A 2019 kotun ƙoli ta jihar Illinois ta yanke hukunci cewa wata uwa tana da ikon ƙarar kamfanin Six Flags saboda ya ɗauki zanen yatsan ɗanta mai shekara 14 ba tare da izini a rubuce ba, ko da ba ta nuna wata asara da ta same shi ba, daga baya kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 36 domin sasanta ƙarar. Kamfanin da ke buƙatar baƙo ya ajiye kyamararsa ya wajaba ya bayyana abin da tasa ke ɗauka, da tsawon lokacin da zai riƙe shi, da wanda zai iya gani.

Batun ya shafi gida ta fuska biyu. Iyalai da dama kan kai 'ya'yansu irin waɗannan wurare a Dubai da Saudiyya, inda ɗaukar hoton mutum da yaɗa shi ba da yardarsa ba laifi ne da ke iya kai mutum gaban alƙali. A nan kuma, duk ranar Sallah wuraren wasan yara a Kano da Kaduna da Abuja kan cika maƙil, kuma haɗarin da ya fi kusa da jama'a shi ne saurayin da ke zagaye da waya a ɗage, yana ɗaukar 'yan mata da matan aure da yaran mutane, kafin magariba bidiyon ya karaɗe intanet da kalaman da ba za su maimaitu ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba ɗan ƙasa haƙƙin sirri, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuma ta buƙaci izinin iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro, amma doka ba ta tsayawa a bakin lilo, mai gadi ne ke tsayawa.

Wannan jarida tana kira ga masu wuraren wasa da su kafa allo a bakin ƙofa kafin Sallah mai zuwa, da Hausar boko da ajami da Turanci, wanda ya faɗi a sarari inda aka hana fito da waya da dalilin hanawar, su tanadi wurin ajiya kyauta, su kuma ba masu gadi umurnin fitar da duk wanda aka kama yana ɗaukar iyalin wani ba da izini ba. Iyaye kuwa su karɓi waya daga hannun yaro kafin ya hau, su ɗauke shi daga ƙasa.