“Targaɗe ne kawai”: taku huɗu kafin a ja ƙafa

Shekara uku da suka wuce, da yammacin wata Asabar, na gurɗe a filin ƙwallon unguwarmu. Na yi tsalle zan sa wa ƙwallo kai, na sauko a kan gefen ƙafa, tafin ya juya ciki, na ji wani abu ya ce ɗas a idon sawuna na dama. Ina cikin murƙususu mutum biyu suka kama ƙafar, ɗaya ya danne ƙwauri, ɗaya yana ja. 'Yan kallo kuwa nan take suka yanke hukunci: “Targaɗe ne kawai.” Bayan magariba aka kai ni wurin wani dattijo mai ɗori, ya shafa mai, ya murza, ya sake ja har gumi ya karyo mini. Na yi sa'a ba karaya ba ce. Amma sa'ar ce kaɗai, domin babu wanda ya yi wani abu da zai tabbatar da hakan, kuma na shafe wata shida ƙafar tana sake gurɗewa a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Kalmar targaɗe a bakinmu buhu ce da muke zuba raunuka iri-iri a cikinta. Daga idon sawu zuwa yatsu, ƙafar mutum tana da ƙasusuwa 26, kuma abin da ke riƙe su wasu igiyoyi ne masu tauri da ke ɗaure ƙashi da ƙashi. Mu “jijiya” muke ce musu, sunan da muke kiran hanyar jini da shi, abin da kan rikita zance tsakanin majinyaci da likita. Targaɗe na ainihi shi ne ɗaya daga cikin igiyoyin nan ta miƙe fiye da ƙima, ko ta ɗan yage, ko ta tsinke. Galibi ta gefen waje ce, saboda ƙafa ta fi saurin juyawa ciki. Lura da wannan, mai karatu: a targaɗe babu ƙashin da ya bar mazauninsa, don haka babu abin da za a mayar. Wanda ya kama ƙafar yana ja, abin da ya riga ya yage yake ƙara yagawa.

Irin wannan gurɗewar kuma takan karya ƙashi. Takan fizge bakin ƙashin idon sawu, ko ta tsaga dogon ƙashin gefen ƙafa wanda ya nufi ɗan ƙaramin yatsa. Wani shahararren likitan ƙashi na Birtaniya, Robert Jones, ya bayyana irin wannan karaya a 1902 bayan ta same shi wurin rawa, har yau da sunansa ake kiran ta. Akwai kuma tsinkewar agara, inda mutum kan waiwaya yana neman wanda ya doke shi ta baya, alhali babu kowa. Duk waɗannan suna kumbura, duk suna sa ɗingishi, kuma ido ba ya rarrabe su.

To, kowa ya gurɗe sai ya tafi ɗaukar hoton ƙashi ke nan? A'a. Ko ƙasashen da ke da na'ura a kowane asibiti sun gano hakan asara ce, domin cikin masu zuwa da raunin idon sawu, waɗanda ake samu da karaya ba su kai kashi 15 cikin ɗari ba. Wannan ya sa a 1992 wasu likitoci a birnin Ottawa na Kanada, ƙarƙashin Ian Stiell, suka fitar da ƙa'idar tantance wanda ke buƙatar hoto. Ba ta neman kayan aiki, sai yatsa da ido. A latsa bayan ƙashin idon sawu na waje da na ciki, daga bakinsa zuwa sama kamar santimita 6. A latsa gindin wancan dogon ƙashi na gefe, da ƙashin da ya ɗan turo a gefen ciki na tsakiyar ƙafa. Sannan a ga ko mai raunin zai iya taku huɗu, ko da ɗingishi. Idan ƙashin kansa ya yi zafi a ɗaya daga cikin wuraren nan, ko mutum ya kasa takun tun lokacin da abin ya faru, sai hoto. In ba haka ba, da wuya ƙwarai a ce akwai karaya. An gwada ƙa'idar a ƙasashe da dama, kuma tana rage ɗaukar hoto da kusan kashi ɗaya cikin uku ba tare da karaya ta riƙa kuɓucewa ba.

Tana da iyaka. Ba a dogara da ita ga ƙaramin yaro, ko wanda ba ya cikin hayyacinsa, ko mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina jin taɓi. Wannan na ƙarshe zai iya taka karaya ya ce lafiya lau yake. Ita kuma agara gwajinta daban: a kwantar da mutum rub da ciki a matsa sha-raɓarsa, idan tafin bai motsa ba, asibiti ya kamata a nufa a ranar.

Ra'ayina shi ne a koya wa masu ɗori wannan ƙa'ida, tare da malaman wasanni na makarantu, da masu horar da ƙungiyoyin unguwa, da masu kemis. Na san akwai likitocin da za su ce wannan ɗaure wa jahilci gindi ne, kuma suna da hujja. Asibitocin ƙashi irin na Dala da ke Kano sun saba karɓar hannu ko ƙafar da aka ɗaure da karare aka tamke, kumburi ya rasa wurin zuwa, jini ya daina gudana, nama ya mutu, har ta kai ga yankewa. Abin takaicin shi ne daga nan sai labari ya koma gari cewa asibiti yanke ƙafa suke yi, na gaba ya ƙara jin tsoron zuwa da wuri.

Sai dai shekara da shekaru ana wa'azin a guji mai ɗori, layin ƙofar gidansa bai ragu ba. Dalilan a bayyane suke. Yana cikin unguwa, ana samunsa da dare, yakan karɓi abin da ya sawwaƙa, sana'ar kuma gado ce da aka san iyayensa da ita. Dattijon da ya ja ƙafata ba mugu ba ne; abin da ya gada ya yi, kuma ya tambayi lafiyar mahaifina kafin ya taɓa ni. Tunda shi ne farkon wanda zai ga raunin, ya fi amfani ya san lokacin da zai ce, “Ɗana, wannan ba tawa ba ce, je ka a ɗauki hoto ka dawo.” Mai ɗorin da ya iya faɗin haka bai rasa komai ba, sai ma ƙarin daraja. Likitan da ya zauna da shi awa biyu ya nuna masa wuraren latsawa, ya nuna masa cewa yatsun da suka yi sanyi ko suka canza launi ko suka mutu alama ce ta a kwance ɗauri nan take, ya rage wa kansa aikin fiɗa.

Idan an tabbatar targaɗe ne, abin da ƙafa ke so a kwana biyun farko kishiyar abin da muka saba ne. Ban da gashi da ruwan zafi, ban da man zafi da murza, domin duk suna ƙara kumburi. A ɗaga ƙafar a kan matashi, a naɗa bandeji sassauƙa wanda yatsa zai iya shiga ƙarƙashinsa. Ƙanƙara a cikin tsumma na minti 15 zuwa 20 tana rage raɗaɗi, ko da yake shi kansa Gabe Mirkin, likitan Amurka da ya yayata ta a 1978, ya dawo a 2014 yana cewa yawanta na iya jinkirta warkewa. Daga nan a fara takawa da zarar ciwo ya bari, domin dogon kwanciya yana sangartar da gaɓa.

Matakin da kusan kowa ke tsallakewa shi ne wanda ya ci ni. Igiyoyin nan suna ɗauke da 'yan jijiyoyin da ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa ta sauka. Idan suka yage saƙon yakan yi rauni, ciwo ya tafi amma ƙafar ba ta san lokacin da za ta gyara kanta ba, sai ta yi ta gurɗewa. Wata ma'aikaciyar gashin ƙashi ce ta faɗa mini haka bayan watannin nan shida, ta kuma ba ni aikin da na raina da farko: in tsaya da ƙafa ɗaya na daƙiƙa talatin, sau uku a rana, in na ƙware in rufe ido, daga baya in hau kan matashi in yi. Ranar farko ko daƙiƙa biyar ban kai ba sai da na dafa bango. A mako na shida na koma fili.